Kurar injin walda: a rufe ta ko a bar ta ta sha iska?

Mai Walda Ɗorayi:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da aiki. Shawara ce ta kawo ni. Inbata, wato ƙaramin injin walda na zamani, ta biyu ke nan da ta ƙone min cikin shekara ɗaya da rabi. Ta farko na ɗora wa Nepa laifi. Wannan kuwa da mai gyara ya kwance ta a gabana sai kunya ta kama ni. Garin ƙarfe ne baƙi ƙirin ya lulluɓe allon cikinta, har ya yi gashi-gashi a fukafukan fanka, kamar da gangan aka barbaɗa. Ni da hannuna nake ajiye ta a ƙasa, yaro yana guga da giranda taku uku daga wurin, ita kuma tana ta zuƙa. Na karɓi laifina.

Yanzu na sayi sabuwa mai amfiya 200, na kuma rantse ba za ta ƙara zama a ƙasa ba. So nake in haɗa mata kura mai taya: akwati rufaffe da ƙofa da kwaɗo wanda injin zai zauna ciki, ƙugiyoyin rataye waya a gefe, wurin giranda biyu, wurin ilaktirod, sannan tukunyar gas a baya don ina taɓa yankan wuta jefi-jefi. Ina da ragowar angul inci ɗaya da rabi da rabin faranti da suka rage daga aikin wata ƙofa. Wanda ya taɓa yi ya taimaka kafin in sa faifai a ƙarfe.

Baba Mai Tiransifoma:
Wa'alaikumus salam. Yaro, maganin ƙonewar inbata shi ne ka daina sayen inbata. Tawa tiransifomar da aka naɗa min da jan waya ta girmi wasu a zauren nan. Ƙura ta sha, raɓa ta sha, ko tari ba ta taɓa yi ba.

Ɗan Panteka:
Baba an fara ke nan 😂 Taka da sai ƙarti huɗu sun taru kafin a ɗaga ta, in ka kunna ta kuma fitilun layinku su dinga lumshe ido. Mutum ya tambayi hanyar Zariya kana nuna masa ta Katsina.

Mai Gyaran Inbata:
Ɗan'uwa na Ɗorayi, tsaya kafin ka yanka komai. Akwatin nan rufaffe da kake so, shi zai kawo min injinka na uku. Ni gaba ta kai ni, amma gaskiya ɗaya ce.

Inbata da iska take rayuwa. Fanka tana jan iska ta wani gefe, ta bi ta kan ƙarafan sanyaya, ta fita ta ɗaya gefen. In ka kulle ta cikin akwatin faranti, iskar da ta fitar mai zafi ita za ta sake shaƙa. Duba rubutun da ke jikin injinka, za ka ga wani wuri an sa kashi 60 cikin 100, ko 40, ko 35, kusa da adadin amfiya. In 60 ne, ma'anarsa a cikin kowane minti 10, minti 6 za ta iya ƙona ilaktirod a wannan ƙarfin wuta, 4 na hutu ne. Injunan da aka yi bisa ƙa'ida a zafin digiri 40 ake auna musu wannan. To mu nan a watan Afrilu digiri 40 a inuwa ake samun sa. Ka ga tun kafin ka sa ta a akwati ta riga ta kai bakin iyakarta. Ƙara mata faranti baƙi da rana ta doka, ka haɗa tanda ke nan.

Abin da ya kashe maka injin ba rashin ƙofa ba ne. Zama a ƙasa ne da kusanci da giranda. Garin ƙarfe yana da nauyi, ƙasa-ƙasa yake bi, kuma wuta tana bi ta jikinsa, shi ya sa in ya kwanta a allo yake haɗa hanyoyin da bai kamata su haɗu ba. Ɗaga ta ta kai ƙugunka, ka juya bakin da take jan iska ya ba wurin guga baya, rabin matsalar ta tafi.

Mai Walda Ɗorayi:
Na ji Malam, Allah ya ƙara basira. Amma fa ƙofar ba don ƙura kaɗai nake son ta ba. Rumfa ce shagona, ba ɗaki ba. Kullum da magariba sai na kwance komai na kai gidan maƙwabci. Akwai ɓarayi.

Ɗan Panteka:
To ka yi keji, kada ka yi akwati. Nawa haka na yi. Sama faranti, don tartsatsi da ɗigon ruwa. Gaba da baya ragar ƙarfe mai faɗin ido, irin wadda ake sa wa kejin janareto. Kwaɗo yana shiga, iska tana wucewa. Amma kada ka ruɗi kanka, kura mai taya ai taimakon ɓarawo ka yi, ka tattara masa kaya wuri guda ka sa masa taya. Na binne zobe a siminti, da dare sarƙa nake zurawa ta cikin gindin kurar.

Mai Gyaran Inbata:
Keji na yarda da shi. Sai dai a bar tazara, kada ragar ta manne da jikin injin. Littattafan da ke zuwa da injunan nan da ba ma karantawa, yawancinsu suna cewa a bar fili a kewaye, wanda ke hannuna yanzu santimita 30 ya ce. In kurar ba za ta ba da haka ba, a yi ƙofofin yadda za a wangale su lokacin aiki.

Wani abu kuma, kada wani ya ce zai ɗaura tsumma ko soso a bakin fankar wai tace ƙura. Na ga masu yi. Kwana uku ya toshe, injin ya shaƙe.

Yaron Oga:
Oga don Allah tambaya. Mu a shagonmu duk Juma'a ake hure injin da bulowa. Daidai ne?

Mai Gyaran Inbata:
Daidai ne ƙanena, musamman da hunturu. Amma a zare filogi, a jira 'yan mintoci kafin a buɗe murfi, don akwai manyan kafasito a ciki da suke riƙe wuta bayan an kashe, kuma ta isa ta jefar da mutum. A riƙe fankar da tsinke kada iska ta juya ta fiye da kima. In kwamfaresa ce a rage ƙarfi, a tabbata ba ta feso ruwa.

Baba Mai Tiransifoma:
Tunda kun ƙi jin maganar manya a kan inji, ku ji ta a kan taya. Wannan ba labari aka ba ni ba.

Kurata ta farko na sa mata ƙananan tayoyin nan huɗu masu juyawa, irin na gadon asibiti. A cikin shago sai ka ce jirgi. Ranar da aka kira ni gyaran ƙofa a bayan layi, muka turo ta ni da yaro. Akwai wata 'yar kwata da aka rufe da katako, taya ɗaya ta faɗa tsakanin katako biyu ta tsaya cik, sauran kurar kuwa ba ta san an tsaya ba. Ina gani ta sunkuya a hankali kamar raƙumi zai durƙusa. Na kai hannu, Allah ya sa na janye. Inji ya bugi ƙasa, ƙafar yaro ta tsira da ɗan yatsa. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Daga ranar: manyan tayoyi biyu a baya, inda nauyi yake, ƙanana biyu masu juyawa a gaba, masu birki. Babbar taya tana haye dutse da rami, ƙarama tsayawa take. Kuma faɗin ƙafafun ya fi faɗin jikin kurar. Abu mai nauyi ƙasa, marar nauyi sama. Wannan ko mai kurar ruwa ya sani.

Ɗan Panteka:
Nan kam Baba ya yi gaskiya, na sara. In ƙara da cewa kada a sa tayar baro mai iska. Guntayen ilaktirod da ke zube a shago kamar ƙusa suke, kullum kana wajen mai faci. A samu tayar roba curarriya. Ni na yi gatari da rodi mai santsi milimita 20, na sa boris lamba 6204, raminsa daidai milimita 20 ne. Mai 25 kuma 6205 zai nema. Wajen masu kwance tsofaffin injuna ana samun su da araha, kura ba gudu take ba, tsohon boris ya ishe ta.

Mai Walda Ɗorayi:
To yanzu an sa ni a tsaka mai wuya. Malam ya ce in ɗaga injin sama saboda ƙura, Baba ya ce nauyi ƙasa.

Malamin Fasaha:
Babu saɓani. Injin Baba ne mai nauyi, naka bai fi kilo shida ko bakwai ba, da hannu ɗaya ake ɗaukar sa. Kwalin ilaktirod ɗaya kilo 5 ne, in ka ajiye uku a ƙasa sun ninka injin. Haɗa da guduma, matsi, guntayen ƙarfe. Su za su zauna a bene na ƙasa, inji a sama. Abin da zai iya kifar maka da kura shi ne tukunyar gas ɗin da ka ambata, kuma a kanta nake so mu tsaya, don na ga an wuce ta kamar ba komai ba.

Babbar tukunyar oksijin ta haura kilo 50, doguwa ce, iskar cikinta kuma a matse take da ƙarfin ba (ma'aunin matsin iska) 150 zuwa 200 in tana cike. In ta faɗi kan ya karye, ba faɗuwa kawai za ta yi ba, tashi za ta yi. Shawarata kada ta hau kura ɗaya da injin lantarki. A yi mata tata daban mai taya biyu, da sarƙa a wajen kashi biyu cikin uku na tsayinta, wata kuma ƙasa-ƙasa.

Dalili na biyu: in kana walda a kan abin da ya taɓa kurar, ko wayar at, wadda ake maƙalawa a jikin aiki don wuta ta koma inji, ta goge ta taɓa jikinta, tukunyar ta shiga hanyar wuta ke nan. Holda, wato abin riƙe ilaktirod, ta ɗan gogi jikin tukunya ta yi tartsatsi, wurin ya yi rauni, kuma ba a gyara shi.

Na Katako Yamai:
Salamu alaikum, ina gaida manya. Mu nan Yamai masu gyaran jikin mota da yawa ba su sayen tukunyar asitilin, kabaid suke jiƙawa a tasu tukunyar ta haɗi. Na ga wanda ya ɗora ta kan kura guda da janareto. Kabaid na fidda gas, janareto na fidda wuta a salansa, su biyun kafaɗa da kafaɗa. Na ce masa aboki, wannan ai makara ka haɗa wa kanka. Dariya ya yi.

Malamin Fasaha:
Allah ya kiyaye. Tunda an kawo asitilin: mai amfani da ta tukunya, a tsaye ake ajiye ta, a tsaye ake aiki da ita, don gas ɗin a narke yake cikin wani ruwa da ake kira asiton. In an kwantar da ita a mota, a tsayar da ita ta huta sosai kafin a buɗe, in ba haka ba ruwan ne zai biyo tiyo. Kada a haɗa tiyon asitilin da guntun bututun jan ƙarfe, su biyun suna haifar da wani abu mai fashewa. Oksijin kuma ba ta shiri da maiƙo ko kaɗan. Kada a rataye tsumman giris a kan geji, wato agogon kan tukunya, kada a shafa wa zaren kanta mai wai don ya yi laushi. Duk wanda zai haɗa kurar gas ya bar wurin ajiye abin kunna wuta da sifana, amma kada ya yi mata aljihun da za a dinga cusa tsummoki.

Baba Mai Tiransifoma:
Shekara nawa muna ɗora su tare ba abin da ya faru.

Malamin Fasaha:
Baba, da girmanka, yanzun nan ka ba mu labarin kurar da ta durƙusa a kwata. Da akwai tukunya a bayanta ranar fa?

Baba Mai Tiransifoma:
Yaran zamani ba kunya. To na ji.

Mai Walda Ɗorayi:
Shi ke nan, gas ta fita daga lissafi, zan yi mata tata. Saura waya. Ina da mita 15 ta holda, mita 10 ta at. Tunanina in yi dogayen ƙugiyoyi biyu da rodi in dinga naɗewa, in zan yi aiki kusa in warware iya abin da nake buƙata.

Ɗan Zangon Kumasi:
A nan ne zan sa baki. A Suwame Magazin na koyi aiki, wajen masu haɗa bodin manyan motoci, kuma maigidana ba ya yafe wannan. In ka bar waya a naɗe a jikin ƙarfe kana walda, ka yi naɗin tiransifoma ke nan ba ka sani ba. Da injin irin na Baba mai wutar AC abin ya fi muni: ƙugiyar tana ɗaukar zafi, wuta tana raguwa a bakin ilaktirod, kana ta ƙara amfiya kana zagin inji. Da inbata mai DC bai kai haka ba, amma zafin wayar da ke kwance kan juna ba ya samun hanyar fita, roba tana dahuwa a hankali har ta fara tsagewa.

Ka warware duka in za ka yi aiki mai tsawo. In wuri ya yi kaɗan, naɗa ta kamar lamba 8 tsakanin ƙugiya biyu, zagaye ɗaya yana kashe ɗaya. Sannan kada ka yi ƙugiya da siririn rodi, yana karya wayar a wuri guda. Yanka bututu inci 4 ko 6 gida biyu a tsaye, ka yi sirdi da shi, waya ta kwanta a kan faɗi. Wasu tsohon rim ɗin babur suke mannawa.

Ɗan Panteka:
Wayar ma a duba ta. Bara na sayi wata a hannun wani mai shago, ba zan kama suna ba, ya rantse min milimita 35 ce jan ƙarfe zalla. Nauyinta ne ya fara ba ni shakka, na ɗaga na ji kamar igiyar shanya. Da na koma na fere bakinta, na kankare silin ɗaya da wuƙa, sai ga fari fat a ciki. Alminiyom ne aka yi wa wankan jan ƙarfe. Robar ce mai kauri, abin cikin bai kai ɗan yatsan jariri ba. Na mayar, ya ce ai na riga na yanka.

Malamin Fasaha:
Lissafin yana da sauƙi ga mai so. Jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 35, mita 25 gaba ɗaya kamar na ɗan'uwanmu, a amfiya 120 abin da zai ɓata a hanya bolt ɗaya da rabi ne. Mai 16 a wannan tsawon ya haura bolt 3, wato kusan wat 400 na tafiya a dumama waya. Alminiyom kuwa wajen kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka in kaurinsu ɗaya. Bakin walda gaba ɗaya bolt ashirin da 'yan kai yake aiki da shi, don haka bolt uku ko biyar ba ƙaramin rashi ba ne.

Yaron Oga:
Mu ogana a jikin tebur yake maƙala at, teburin kuma mai taya ne. Wani lokaci sai in ga tartsatsi a wajen tayar.

Ɗan Zangon Kumasi:
Wutar tana neman hanyar komawa ne, ta bi ta boris. Tana cin ƙwallayen ciki, kwana kaɗan taya ta fara ƙara tana cijewa. A maƙala at a jikin aikin, kusa da inda ake walda, a wurin da aka goge tsatsa da fenti. Ka gaya wa oganka cikin ladabi, kada ka ce a waya ka gani.

Shugaban Zaure:
Wanda ya turo tallan fili an goge. Nan zauren masu walda ne. A ci gaba.

Na Katako Yamai:
Maganar baget fa, wanda ku kuke ce wa ilaktirod? Da damina nawa sai su dinga tofi suna manne wa ƙarfe. Wani ya ce in sa su cikin tsohon firij da ƙwan kuran a kunne.

Baba Mai Tiransifoma:
Haka muke yi tun kafin a haife ku. Mataccen firij, ƙwai mai wat 60 ko 100, a rufe. Amma ƙwan da, mai zafi. Wani yarona ya je ya sa na zamani mai farin haske, wata biyu yana haska ilaktirod ba ɗumi ko kaɗan 😂

Malamin Fasaha:
Dabarar Baba tana aiki ga ilaktirod lamba 6013, wanda shi ne kusan duk muke ƙonawa a ƙofa da taga. Shi bushewa kawai yake so. A dai nisanta ƙwan daga robar cikin firij da kwali. Amma wanda ke aikin tanki ko shasi ko ginshiƙi da 7018 ya sani firij ba ta isa ba. Shi wannan hodar jikinsa tana shan laima da zarar an buɗe gwangwani, laimar kuma ita ke sa walda ta tsage daga baya, wani lokaci bayan kwana ɗaya ko biyu, aiki ya riga ya bar shago. Tandarsa wajen digiri 120 take zama, wanda ya riga ya jiƙa kuma sai an gasa shi a fiye da digiri 300. Ƙwan fitila ba zai kai ko kusa ba. In ba tanda, a sayi ƙaramin ƙunshi rufaffe a ƙone shi a ranar.

Na kan kura kuma, bututun roba na ruwa inci 3 da murfi sama da ƙasa. Geji 12 da geji 10, wato milimita 2.5 da 3.2, yawanci tsawonsu milimita 350 ne, to a yanka bututun 380. Kowane geji da nasa, a rubuta a jiki. A ɗebi na yini kawai, sauran su zauna a ma'aji.

Ɗan Panteka:
Ka kuma rataya gwangwani a gefen da hannunka na dama yake, na jefa guntaye. Kafin in yi haka sau biyu guntu mai zafi yana huda min silifas. Eh na sani, bai kamata in yi walda da silifas ba, kada Malamin Fasaha ya fara.

Malamin Fasaha:
Ban ce komai ba.

Ɗan Zangon Kumasi:
Giranda kada a kwantar da ita kan faifai. Guntun angul biyu a gefen kura, a rataye ta ta wuya, faifai na kallon waje da wayoyi. Faifan yanka kuma a duba zoben ƙarfen tsakiyarsa, masu kyau akwai shekarar da zai lalace a buge a wurin, shekara uku ne daga ƙera shi, don ƙaron da ya riƙe shi yana tsufa, laima kuma tana ƙara lalata shi. A ajiye su kwance a durowa, ba a rataye a ƙusa rana na duka ba. Ƙaramin faifai na milimita 115 an rubuta masa juyi 13,300 a minti, babba na 230 kuwa 6,600. Masu cire kariya su ɗaura ragowar babban faifai a ƙaramar giranda, ku dubi lambobin nan biyu da kyau.

Yaron Oga:
In za a yi kurar da farin bututun ruwa na ƙarfe fa? Muna da su da yawa. Ogana ya ce in an sha madara hayaƙin ba ya komai.

Malamin Fasaha:
Farin nan tutiya ce aka shafa. Hayaƙinta yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki da daddare, kamar mura mai ƙarfi. Madara ciki take zuwa, hayaƙi huhu yake zuwa, ba su haɗu ba. A goge farin a inda za a yi walda, a yi a fili, iska tana kaɗa hayaƙin gaba.

Mai Walda Ɗorayi:
Salam. Bayan kwana tara ga ta nan, na turo hotuna uku. Tsawo santimita 90, faɗi 50, benen inji 85 daga ƙasa. Gindi angul, ginshiƙai sikwaya inci ɗaya da na ƙaro a Ƙofar Ruwa. Na ɗiga walda a kusurwoyi tukuna, na auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangare biyu har suka zo daidai, sannan na cike, ina tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan don kada zafi ya ja ta. Raga gaba da baya, sirdin waya da bututu kamar yadda na Kumasi ya ce, jan fenti a ƙasa, shuɗi a sama. A jikin ƙofar durowa na zana siffar kowane abu da farin fenti, guduma, buroshi, tef, sifana, don in yaro bai mayar ba tun daga nesa in ga gurbin.

Kuskure biyu na yi, in faɗa kada wani ya maimaita. Na auna injin tsirararsa, na manta kawunan wayoyin da ake murɗawa a gaba suna fitowa kusan kamu guda, ga wayar ba ta lanƙwasuwa nan take. Da na gama fenti na sa inji, ƙofa ta ƙi rufuwa. Sai da na yanke ragar gaba na yi mata taga. Na biyu, hannun turawa na sa shi gefen ƙananan tayoyi, nauyin ilaktirod kuma duk na tara shi can bayan gatari, in na cire durowa sai gaban ya nemi ɗagawa. Na matsar da kwalayen tsakiya ta zauna.

Mai Gyaran Inbata:
Ma sha Allah, aiki ya yi kyau. A hoto na biyu na ga ka rataye giranda daidai bayan fanka. Garin da ke maƙale a jikinta fa, duk girgiza sai ya zuba. Mayar da ita ɗaya gefen. Kuma sa roba a ƙarƙashin injin, ko guntun tsohuwar tayar mota ce.

Baba Mai Tiransifoma:
Ba laifi. Waldar kusurwar hagu ta ƙasa kamar kashin kaza, amma ba laifi. In inbatar ta ƙone kurar za ta ɗauki tiransifoma?

Mai Walda Ɗorayi:
Baba yaro ne ya yi wannan kusurwar 😂 Malam, gobe in sha Allahu zan sauya wa girandar wuri.

Na Katako Yamai:
Ɗan'uwa turo min awon benen ƙasa da tazarar gatari daga baya, ta akwatina. Tawa injin ta ɗan fi taka tsawo, sai in ƙara.